Idon Akoli da Ya Ƙi Rufuwa

Akoli ya yi shekara goma sha ɗaya yana tuƙa motar ɗaukar ƙasa a ramin ƙarfen iraniyom na Arlit. Ya bar tuƙi a shekarar 1992, yana da shekara talatin da tara, saboda idonsa na dama ya daina gani. Shekarar tawaye da harsashi ce a yankin, amma ba harsashi ne ya same shi ba. Abin da zai ceci idon bai wuce man shafawa da ɗan ƙyalle mai danƙo irin na ɗaure rauni ba, kuma duka biyun suna cikin akwatin surukinsa, wanda gida huɗu ne kawai tsakaninsu. Da iznin Akoli nake rubuta wannan. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini, wato kada in ce surukinsa mugun mutum ne. Ba zan ce ba, don ba haka ba ne. Sauran abin da ya ɓata mini rai kuwa zan faɗa.

A jejin Gougaram aka haife shi, cikin makiyayan Abzin. Yana da shekara goma sha tara aka naɗa masa rawani, aka ja masa amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki da hanci. Daga wannan ranar namijin Abzin ba ya barin bakinsa a waje gaban mutane. Shayi ma ta ƙarƙashin ƙyallen yake kai kofin. Gaban babba sai ya ƙara jan amawali sama, gaban suruki kuwa sai ya kai shi har gindin ido. Shekara guda bayan naɗin, fari ya sauka. Raƙuman ubansa talatin da ɗaya suka koma biyu. Akoli ya bi sawun motoci da ƙafa har Arlit, garin da a lokacin bai kai shekara biyar da kafuwa ba.

Ya yi leburanci, ya yi gadi, daga baya ya samu wankin motoci. A wurin wankin ya koyi tuƙi, da ido kawai, yana kallon ƙafafun direbobi da hannuwansu. Hausarsa ma a can ya tsince ta, a bakin 'yan Tawa da 'yan Damagaram, shi ya sa har yau komai namiji ne a wurinsa: mota "ya tashi", rana "ya faɗi". A 1981 ya samu takardar tuƙi, wani ɗan kwangila mai motoci ya ɗauke shi. Direbobin da suka yi aiki da shi sun ce tuƙinsa irin na mai kiwo ne. Ba ya gaggawa, ba ya zagin mota, in ya ji ƙarar da bai yarda da ita ba sai ya tsaya ya sauko, ko da ana ta busa masa ƙaho daga baya.

Shekara biyu da fara tuƙi ya auri Mariyama, 'yar Alhassane. Shi Alhassane majur ne a ƙaramin gidan likita na gwamnati da ke cikin gari, wato babban ma'aikacin jinya mai duba marasa lafiya inda babu lokotoro, cikakken likita ke nan. Abokan Akoli suka yi ta yi masa tsiya, wai ya auri kantin magani, shi da bin layin asibiti har abada. Gaskiyar ita ce cikin shekara tara bai taɓa zama tabarma ɗaya da Alhassane ba. In ya hango shi a hanya sai ya shige wani lungu. Gaisuwar salla ma aikawa ake yi. Duk wanda ya san al'adar zai ce Akoli suruki ne na gari, Alhassane ma haka ya riƙa faɗa wa mutane.

Fari na biyu ya zo a 1984, ya share abin da na farko ya bari. Uwar Akoli da ƙannensa mata biyu da 'ya'yansu suka zubo gidansa a unguwar Bukkoki. Duk tukunyar da aka ɗora a gidan, daga tuƙinsa take fitowa. A wannan lokacin kuma farashin ƙarfen ya faɗi a kasuwannin da babu ɗan Arlit da ya taɓa gani. Kamfanoni suka shiga rage ma'aikata, 'yan kwangila suka bi sahu. Duk wata shida takardar sunayen waɗanda aka sallama ke fitowa, a manna ta a ƙofar garaj. Tare da ita wata doka ta zo, wadda ba a rubuta ta ko'ina ba amma kowa ya haddace: wanda ya karɓi hutun ciwo fiye da kwana uku, sunansa ne zai zo farko. Na nemi wanda ya kafa dokar ban samu ba. Kowa ya ce daga sama ta zo. Na ga mutane suna shiga rami zazzaɓi na kaɗa su, na ga wanda ya ɗaure karyayyen yatsa da igiyar roba ya ci gaba da aiki. Asibitin kamfani yana nan, mai tsabta, da gadaje da magani, ma'aikata suna wuce shi da sauri kamar gidan kaso. Wannan shi ne abu na farko da ban yafe ba.

Ni na dawo Arlit a farkon 1992 daga Maroko, inda na yi shekara bakwai ina karatun duwatsu. Na tarar ba a ɗaukar kowa aiki. Sai na koma zaman rumfar innata Hansai, wadda ke sayar da shinkafa da wake a mararrabar da ke kusa da garaj. A nan direbobi ke cin abincin rana, a nan na san Akoli. Dogo ne, ba shi da yawan magana. Yakan ɗauki kwanonsa ya ba mu baya ya ci, ya wanke kwanon da kansa, sannan ya juyo a shiga hira da shi.

Cikin watan Afrilu, zafi na tsakiyarsa, kunnensa na dama ya fara ciwo kamar ana tura masa ƙusa mai zafi. Bayan kwana biyu ƙuraje masu ruwa suka fito cikin kunnen da bayansa. Rana ta huɗu ya zauna alwala, ya kurɓi ruwa zai kurkure baki, ruwan ya zubo ta gefen dama ya jiƙa masa riga. Ya sake kurɓa, ya sake zubowa. Mariyama ce ta fara ganin fuskar. Ɓarin dama ya saki, gefen bakin ya rataya, rabin goshin ya yi sumul babu ko layi ɗaya. Ta ce ya rufe ido. Na hagu ya rufu. Na dama ya tsaya a buɗe, baƙin ya mirgina sama ya bar fari.

Ya ce da ita iska ce ta buge shi a rami, zai wuce, kada kowa ya ji. Saura wata uku takardar sunaye ta fito. Ya naɗa rawaninsa, ya ja amawali, ya duba madubi. Babu abin da ake gani sai ido ɗaya mai ɗan ruwa. Ya tafi aiki.

Mariyama ba ta zauna ba. Da hantsi ta je wurin ubanta. Ita ce ta ba innata labarin yadda aka yi, shi ma Alhassane daga baya ya ba ni, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce mutumin gidansu kunnensa na ciwo. Alhassane, idonsa na kan takardu, ya tambaya ko akwai zazzaɓi. Ta ce kaɗan. Ko kunnen na fitar da ruwa? Ta ce akwai dai ƙuraje. A nan, in ji shi, tambaya ta uku ta zo masa har kan harshe, don ya san akwai ƙurajen kunne da ke taɓa fuska, ya karanta, ya ma taɓa gani sau ɗaya lokacin da yake aiki a Damagaram. Amma ta yaya mutum zai tambayi 'yarsa yadda bakin mijinta yake? Ita ma maganar bakin ce ta kawo ta, ta riƙo ta tun daga gida, ta kasa fitar da ita gaban ubanta. Ya ba ta maganin ɗigawa a kunne da ƙwayoyin rage zafi, ya ce in bai yi sauƙi ba mutumin ya je asibitin kamfani. Ta karɓa ta yi godiya. Duka maganar ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba.

Ma'aikatan likita suna kiran ciwon zona. Alhassane ne ya bayyana mini shi bayan komai ya wuce, da wani tsohon littafinsa na makarantar jinya a buɗe a kan gwiwa. Ƙwayar ƙarambau ce, wanda yaro ke yi ya warke. Ba ta barin jiki. Sai ta laɓe a gindin wata jijiya shekara talatin ko hamsin, ranar da jiki ya gaji ta farka ta bi jijiyar tana ƙona ta. Yawanci a ƙirji ko a gefen ciki take fitowa, ƙurajen su bushe cikin mako biyu ko uku. Amma in ta bi jijiyar da ke motsa fuska, naman ɓarin fuskar sai ya daina aiki, har da wanda ke rufe fatar ido. Idon kansa lafiyarsa lau, ƙiftawa kawai ya rasa. Idon da ba ya ƙiftawa kuwa bushewa yake yi, ƙura ta kankare shi, ya yi gyambo. Abin da ake yi, in ji shi, a cika idon da mai, a manne fatar da ƙyalle mai danƙo, a hana mutum shiga ƙura har jijiyar ta farfaɗo. Ya ce ɗalibin shekarar farko ma ya san wannan. Da ya faɗi haka ya rufe littafin, bai ƙara buɗe shi a gabana ba.

Akoli kuwa ƙura yake shiga, awa takwas a yini. Hanyar ramin zagayawa take yi tana sauka, mota na bin bayan mota, kowace na zuba wa ta bayanta farar ƙasa. Da can akwai motar ruwa mai jiƙa hanyar sau huɗu a yini. Da aka shiga tsimi, ɗan kwangilar ya mayar da ita sau ɗaya. Gilashin mota kuma ba ya rufuwa a watan Afrilu sai mutum na son ya dahu.

Mu a rumfa abin da muka fara lura da shi shi ne ya daina ci. Yakan zo ya zauna, ya karɓi shayi ya riƙe har ya huce. Innata ta gaji da gani.

"Akoli, girkina ne ya gundure ka, ko Mariyama ce ta hana ka cin na waje?"

Ya amsa, amma maganar ta fito a kumbure, ba a gane ba. Innata ta ce in zai yi mata magana ya tofar da tabar da ke bakinsa tukuna, ita ba raƙuma ba ce da za a yi mata gurnani. Aka yi dariya. Wani ya ce ai kuka yake, ku dubi idon, an ba wani sabuwar mota an bar shi da tsohuwa. Akoli ya ce ƙura ne.

Ni ma na ga idon. Na zauna gabansa na ƙirga: na hagu ya ƙifta sau ashirin, na dama ko sau ɗaya. Ban san sunan ciwon ba a lokacin, amma na san bai kamata ido ya yi haka ba. Na yi shiru. Tun dawowata ake yi mini tsiyar cewa na baro kunyata a ƙasar Larabawa, ina tambayar abin da ba a tambaya, ina kallon manya cikin ido. Ni kuma ina ta ƙoƙarin nuna ban manta gida ba. Da na ce masa ya sauke amawali in gani, da an yi mako ana ba da labarina a garaj. Na zaɓi kada a ba da labarina.

Shugaban direbobin, Zakariya'u, mutumin Tawa ne. Shi ke raba motoci kowace safiya, shi kuma ke rubuta wanda bai zo ba. Bai yi dariya tare da mu ba. Ya jima yana duban Akoli, sannan ya matso ya rage murya, amma ina kusa na ji.

"Buzuna, tai ka sayi baƙin tabarau, ka jiya? Ni ban ga komi ba. In na gani sai na rubuta, in na rubuta kuwa kai ka san inda takarda ka zuwa."

Washegari Akoli ya zo da tabarau. Zakariya'u har yau gani yake taimako ya yi, kuma a irin garin da muka zama a shekarun nan, ban san da wane suna zan kira abin ba.

Haka ya yi kwana arba'in. Ƙurajen sun bushe, zafin bai tafi ba. Ya ce ƙyallen rawanin kansa in ya taɓa kunnen kamar garwashi ne, ga shi ba halin cirewa. Kunnen ya toshe, yana ƙugi ba tsayawa. In ya sauko daga mota ƙasa takan juya masa, sai ya dafa taya ya yi kamar duba ta yake. A gida aka yi abin da aka sani: rubutun sha don iska, da hayaƙi, da tozalin da uwarsa ke zuba masa a idon safe da yamma, garin dutse a kan gyambo. Mariyama ta koma wurin ubanta sau biyu, duka biyun ta ce kunnen ne dai. Ta ga ɗigon fari ya fito a tsakiyar baƙin idon kamar ƙwayar gero, ta gan shi yana girma. Shi kansa Akoli ya gaya mini cewa wata ranar Juma'a, wajen kwana na ashirin, ya taka har ƙofar gidan Alhassane. Ya tsaya, ya ji muryar tsohon daga ciki yana magana da baƙi, ya juya ya koma. A wurin aiki ya fara juya kansa gaba ɗaya in zai dubi madubin dama. Bai yi fashi ko na yini ɗaya ba.

Ƙarshen watan Mayu 'yan tawaye suka tare motoci a hanyar Agadez. Washegari da safe sojoji suka datse mararrabar da rumfarmu take. Masu hula da masu kai a buɗe irina aka ce mu koma gefe. Duk mai rawani aka tsayar da shi, aka jera su a jikin katangar garaj, mutum kamar arba'in, har da tsofaffi. Alhassane ya zo a kan ƙaramin babur ɗinsa da farar rigar aiki, ya miƙa takardarsa, ba wanda ya duba. Aka tura shi layi. Wurin da ya faɗa kuwa kafaɗa da kafaɗa da Akoli ne. Na ga kowannensu ya juya fuska wani gefe.

Aka ce kowa ya kwance rawani, wai ana neman fuskokin waɗanda suka kai harin. Ban yarda ba a lokacin, har yanzu ban yarda ba. Sojojin sun san abin da amawali yake ga mutanen nan, shi ya sa suka zaɓe shi. Innata ta juya baya ta fuskanci tukunyarta don kada ta gani, sauran mata masu saye da sayarwa ma haka suka yi. Na ga wani dattijo ya kwance nasa ya rufe bakinsa da tafin hannu biyu.

Akoli bai motsa ba. Ya ce mini ya ji umarnin sarai, hannunsa ne ya ƙi tashi, ga surukinsa a gefensa. Wani soja ya zo ya fizge tabarau, ya sa bakin bindiga ya ja amawalin ƙasa. Fuskar ta fito. Ɓarin hagu mai rai ya janye bakin gefe ɗaya, haƙora a waje, kamar mai murmushin raini.

"Dariya kake mini, Buzu? Ni kake wa dariya?"

Ya ɗaga gindin bindiga. Har wannan lokacin Alhassane ƙasa yake kallo, rawaninsa a hannu. Ya ce bai san lokacin da ya ɗago ba. Ya dubi mijin 'yarsa, karo na farko cikin shekara tara, ya shiga tsakaninsa da sojan. Da Faransanci ya yi magana, da muryar da yake tsawata wa masu turereniya a ƙofar gidan likita. Ya ce mutumin nan ba dariya yake ba, jijiyar fuskarsa ce ta mutu, shi majur ne, a matsa ya ga mara lafiya. Sojan ya ja baya, ina jin mamaki ne ya ja shi.

Alhassane ya kama haɓar Akoli ya juya ta wajen haske.

"Rufe idonka."

Akoli ya yi ƙoƙari. Idon ya mirgina ya dawo, farin tabo ya cika tsakiyarsa.

"Tun yaushe?"

"Kwana arba'in."

Alhassane bai saki haɓar ba. Sojan ya leƙo, ya yamutsa fuska, ya ce wannan ido ai ya riga ya mutu, ina mutanensa suke da ba su kai shi likita ba?

Wannan tambayar ba ta bar ni ba. Mutum yana da mata mai son sa, da suruki masanin magani, da abokan aiki masu ganinsa kullum, da ni da na zauna na ƙirga ƙiftawarsa, amma wanda ya fara buɗe fuskarsa shi ne wanda ya buɗe ta don ya wulaƙanta shi. Ba na yi wa sojan godiya. Ba na kuma cewa a yar da amawali, don na ga abin da kwance shi ya yi wa mutane a jikin katangar nan. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda kowannenmu ya samu wurin laɓewa a bayan ƙyallen Akoli. Shi yana da dalilinsa, mutum goma sha ɗaya na jiran tuƙinsa a gida. Mu fa?

Wajen azahar aka sake su. Alhassane ya ɗora Akoli a bayan babur, Akoli ya riƙe ƙugun surukinsa, suka ratsa tsakiyar gari mutane na kallo. Ya wanke idon, ya cika shi da mai, ya manne. Washegari ya kai shi asibitin kamfani da kansa. Lokotoro ya duba ya ce gyambon ya yi zurfi, za a iya hana idon fashewa, gani kuwa ya tafi. Ya tambaya shi ma don me ba a zo a makon farko ba. Takardar lokotoron ta isa garaj kafin Akoli ya isa gida. Direba mai ido ɗaya ba ya shiga rami. Ba a ma jira fitowar takardar sunaye ba.

Na tambayi Zakariya'u, da Akoli ya karɓi hutun mako biyu tun farko, da sunansa ya hau? Ya ce da ya hau, don wanda aka ga ya kwanta sau ɗaya an san zai sake. Amma da ya rasa aikin da idonsa biyu, in ji shi, ga motocin Assamakka nan masu zuwa iyakar Aljeriya, kullum neman direba irinsa suke. Ya faɗi haka yana kaɗa shayi, bai ji nauyin abin da ya faɗa ba.

Wata uku Alhassane yana zuwa gidan 'yarsa kowace safiya, abin da bai taɓa yi ba, yana wanke idon yana sake ƙyalle. Mariyama takan fita ta bar musu ɗakin. Ta ce ba ta taɓa jin hira tsakaninsu ba, sai "ɗaga kai" da "dubi sama". Ya koya masa murza kumatu da hura iska da baki a tsuke. Bakin ya ɗan miƙe har yana riƙe ruwa, fatar idon tana saukowa rabi. Zafin kunnen bai tafi ba har yau, yakan tashi in iska ta buga shi. Ranar da Alhassane ya ce babu sauran abin da zai iya yi, suka koma gudun juna kamar da. A gidan likita ne tsohon ya sauya. Duk namijin da ya shigo sai ya sauke amawali kafin a ba shi ko ƙwaya ɗaya. Wasu sun daina zuwa, suna cewa Alhassane ya tsufa ya zubar da kunyarsa.

Shekara uku ke nan yanzu. Akoli lambu yake yi a bakin gari, ɗan fili da wani ya ba shi aro, salati da albasa da tumatir. Ƙannensa sun koma jeji. Watan da ya wuce wani mai motocin Assamakka ya zo har lambun yana neman sa ya yi masa tuƙi, ina wurin. Mutumin ya san maganar idon. Ya ce a wannan hanyar ba mai duba ido, ba lokotoro, ba takarda. Ya sa tabarau ya ja amawali, wa zai sani?

Akoli ya wanke hannu ya bi shi wurin motar da za a ba shi, ni ma na bi. Ya zaga motar sau biyu, ya buga tayoyi da ƙafa, ya hau. Ya tayar da ita, ya karkato kunnen hagu ya saurara, ya ce wa mai motar akwai abin da ya kwance a ciki. Aka buɗe aka samu haka ne. Ya fita da ita fili, ya yi gaba, ya juya, ya dawo da baya ya ajiye ta daidai inda ya ɗauke ta. Mai motar yana ta murmushi.

Bayan ya kashe ta ya daɗe zaune a ciki. Da ya sauko ya tambaya mutum nawa ke hawa kan kaya in za a tafi. Mai motar ya ce arba'in, wani lokaci hamsin, har da mata masu goyo.

"Ɓarin dama duk duhu ne," in ji Akoli. "In wani ya faɗo ta can, sai na kai Assamakka a gaya mini."

Mai motar ya ce zai ƙara masa albashi, ya yi tunani har Juma'a. Akoli ya miƙa masa makulli ya ce ba sai Juma'a ba. Muka komo a ƙafa. Ya sa ni a hagunsa don ya riƙa ganina har muka kai lambu. Rana ta riga ta yi sama, salatin ya fara laushi. Ya ɗauki garwa biyu ya nufi wurin ruwa.